Yadda ake shirya yawon buɗe ido zuwa Masar tare da uwargida

A ƙasar Hausa idan aka ce wane ya fita waje da iyalinsa, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne Umara, ko asibiti, ko saro kaya. Mutum ya ɗauki matarsa su tafi kallon ƙasa kawai, ba ciwo ba fatauci, har yanzu akwai masu yi masa kallon almubazzari. Ni ban yarda da su ba. Matar da ta shekara goma sha biyar tsakanin murhu da hidimar yara ta cancanci kwana goma da za a dafa a kawo mata, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, mijinta na gefenta ba waya a kunnensa. Ni da uwargida mun yi irin wannan tafiyar zuwa Masar cikin hunturu, mun sha daɗi, mun kuma sha wuyar da da mun sani za mu iya kauce wa rabinta. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda zan tsara tafiyar da yau zan sake yin ta.

Na zaɓi Masar saboda kusa take, kimanin awa 5 a jirgi idan ba a yada zango ba. Ba ka da fargabar nama ko neman wurin salla, kuma wanda ya yi karatun allo ba zai tsaya gaban allon hanya kamar makaho ba. Sannan ƙasar ba baƙuwarmu ba ce. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka gina wa ɗalibansu da alhazansu makaranta a Alƙahira. Shehu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ɗaya daga cikin mawallafa biyu na tafsirin da ake karantawa a masallatanmu duk azumi, ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, kuma a Alƙahira kabarinsa yake.

Mataki na farko: ku zauna ku yi shawara kafin a taɓa kuɗi

Kuskuren da magidanta suka fi yi shi ne su gama tsara komai su kaɗai, sannan su zo wa matar da labari a matsayin albishir. Niyyar mai kyau ce, amma tafiyar sai ta zama ta mutum ɗaya, ɗayan ɗan rakiya. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, kowa ya faɗi abu uku da ba zai so ya dawo bai gani ba. Nawa su ne masallacin Azhar, dalar Giza, wato manyan gine-ginen dutse masu tsini da Fir'aunoni suka gina, da kaburburan sarakuna a Luksor. Nata su ne ta shiga kwalekwale a kogin Nilu, ta yi yini guda a kasuwa ba wanda ke azalzalarta, ta kuma samu rana ɗaya da ba za a tashe ta da asuba a ce ta shirya ba. Na ukun nan ban ɗauke shi da muhimmanci ba, kuma shi ne ya zo ya haɗa mu faɗa, zan zo kansa.

A wannan zaman ne za ku yanke wanda za a bar wa yara. Kada ku raina wannan. Uwar da hankalinta ke gida ba ta ganin dala ko da tana tsaye a gindinta. Mu kakarsu ta wajen uwa ce ta tare a gidan, aka ajiye mata cefanen sati biyu da kuɗin ko-ta-kwana, aka kuma sa lokacin kira guda ɗaya kullum bayan magariba.

Mataki na biyu: lokaci

Ku je tsakanin Oktoba da Afrilu. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Luksor da Aswan yana wuce maki 40, kuma kallon kufai yawo ne a ƙasa cikin rana. Daga Maris zuwa Mayu akan samu wata iska mai zafi da ƙura da suke kira hamasin. A Disamba da Janairu kuma dare yana da sanyi sosai a Alƙahira, don haka rigar sanyi da safa dole ne. Ku tuna Juma'a da Asabar ne hutun mako a can. Agogonsu yana gaban namu da awa 1, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma idan suka ƙara wa agogo awa sai ya zama 2.

Mataki na uku: takardu

Nan ne tafiya ke mutuwa tun ba a fara ba, don haka ku fara wata uku kafin ranar tashi.

Ku duba fasfo ɗinku duka biyu, kowanne ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, da shafukan da ba a buga komai a kai ba. Biza kuma a ofishin jakadancin Masar ake nema, a Abuja ko Yamai, kuma tana iya ɗaukar makonni. Za a nemi hotuna, da bayanin asusun banki, da shaidar masauki da tikitin zuwa da dawowa. Ku tambayi ofishin da kanku abin da ake buƙata a lokacin da za ku nema, domin sharuɗɗan kan canza. Idan za ku bi ta hannun ejan, ku bi wanda wani naku ya taɓa tafiya ta hannunsa ya dawo, kuma kada ku biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa sai biza ta fito.

Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Masar tana neman sa daga duk wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ku je a yi muku allurar da gaske a ofishin lafiya na filin jirgi. Sayen kati ba allura ha'inci ne, kuma da ranku kuke wasa.

Takarda ta ƙarshe ita ce wadda ba wanda ya gaya mana: shaidar aure. Yawancinmu an ɗaura mana aure a ƙofar gida ko a masallaci, aka raba goro da alewa, aka watse, ba takarda. Otal-otal a Masar suna neman shaidar aure daga 'yan ƙasa da Larabawa kafin su ba namiji da mace ɗaki ɗaya, kuma wani ma'aikacin idan ya ga sunayen Musulmi sai ya nema daga gare ku, musamman da yake sunan mahaifin matar ne a fasfonta ba naka ba. Haka ta faru da mu a daren farko. Ƙarfe ɗaya na dare, uwargida zaune a kan akwati ta dafe kai, ni ina ta rantse-rantse da Larabcin littafi, yaron yana girgiza kai. Sai da manaja ya sauko, na nuna masa hotunan biki da na yara a waya, sannan aka ba mu makulli. Ka je kotun shari'a, ko masallacin da aka ɗaura auren, ko ofishin rajistar aure na ƙaramar hukuma, ka karɓi takarda mai hatimi. Idan an samu da Larabci ko Turanci ya fi. Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya, ku kuma yi kwafi biyu, ɗaya a jakarta ɗaya a taka.

Mataki na huɗu: kuɗi

Kuɗin Masar fam ne, su suna ce masa gine. Ba za ka samu mai karɓar naira ko sefa a can ba, don haka ka sayi dala tun daga gida, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu. A can ka canza a banki ko shagon canji mai lasisi, kaɗan-kaɗan, ka riƙe rasit. Kada ka bi wanda ya tare ka a titi da farashi mai daɗi, domin canjin bayan fage laifi ne a dokarsu.

Amma tsabar kuɗi kaɗai ba za ta ishe ka ba. Manyan wuraren tarihi da yawa, har da Giza, sun daina karɓar kuɗi a hannu wajen sayar da tikiti, sai kati. Ka je bankinka ka tabbatar katinka zai yi aiki a waje, ka san iyakar abin da za a bari ka kashe, in da hali ka riƙi katin asusun dala. Kuɗin shiga na baƙi ya ninka na 'yan ƙasa sau da yawa, kuma a kowace ƙofa sai an biya, don haka ka ware masa kasonsa daban.

Shawarata ita ce ka kasa kuɗin gida huɗu: masauki da zirga-zirga, abinci da tikitin shiga, tsaraba, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa. Sannan ka cire wani abu ka damƙa wa uwargida a hannunta, nata ne, ba za ka tambayi me ta saya da shi ba. Babu abin da ke sanyaya wa mace gwiwa a kasuwa kamar ta riƙa juyowa tana kallon fuskar miji a kan kowane mayafi. Ku kuma tara ƙananan kuɗi, domin a Masar kowace hidima tana da tukuici, su suna cewa bakshish: mai ɗaukar kaya, mai tsaron takalma a masallaci, mai miƙo takarda a banɗaki.

Mataki na biyar: tikiti, masauki da kaya

Idan akwai jirgin da ke zuwa kai tsaye, ku bi shi ko da ya ɗan fi tsada. Awa takwas a kujerar filin jirgin wata ƙasa yana cinye kuzarin kwana biyu. Masauki kuma ku kama a tsakiyar gari kusa da dandalin Tahrir, ko a tsibirin Zamalik idan aljihu zai ɗauka. Otal ɗin da ke kallon dala yana da kyau a hoto, amma dare ɗaya ya isa, domin daga can zuwa tsohon birni cunkoso zai ci muku safiya. Ku karanta abin da waɗanda suka kwana a wurin kwanan nan suka rubuta, ku tambaya ko na'urar hawa bene tana aiki, domin ƙananan otal da yawa a saman tsofaffin benaye suke.

Wajen kaya, takalmi ya fi komai. Uwargida ta ajiye mai tsini, ta nemi mai taushi da ta riga ta saba da shi. Ku sa kayan sawa na kwana biyu da magunguna a jakar hannu. Akwatinmu ɗaya bai iso tare da mu ba sai bayan kwana biyu, kuma nata ne. Idan haka ta same ku, kada ku bar filin jirgi sai kun cika takardar ɓatan kaya an ba ku lamba, kuma ku adana ɗan guntun tikitin kaya da ake mannawa a bayan takardar shiga jirgi. Wata dabara ita ce ku gauraya kayanku, rabin nata a akwatinka, rabin naka a nata. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Nijar, don haka ɗan Najeriya ya sayi mahaɗi. Ku ɗauki ƙullin yaji, za ku gode mini.

Abu biyu ba wasa a cikinsu. Kada ku karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da na ɗan uwa ne, sai kun buɗe kun gani. Kuma kada ku shiga Masar da Tramadol ko makamantansa, ana ɗaure mutane a kai. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya bar shi a kwalinsa, ya riƙe takardar likita. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi shi ma an hana shiga da shi.

Mataki na shida: ranar sauka

Ku sayi layin waya a filin jirgi da fasfo, ku sa intanet. Ku roƙi otal ya turo mota, ko ku kira Uber, wanda ke aiki sosai a Alƙahira ya kuma raba ku da cinikin kuɗin mota. Lambar motar da lambobin Larabci take, nan karatun allo zai yi rana. Ranar farko kada ku tsara komai. Ku yi wanka, ku yi salla ƙasaru, ku yi barci, da yamma ku taka zuwa bakin Nilu.

Larabcin titi ba na littafi ba ne. Jimun suna mayar da shi ga, shi ya sa raƙumi ya zama gamal. Kalma uku za su yi muku aiki: bikam, wato nawa ne, la shukran, wato a'a na gode, da halas, wato magana ta ƙare. Tsallaka titi kuma sai an koya, domin motoci ba sa tsayawa. Ka riƙe hannun matarka, ku raɓa da wani ɗan gari, ku taka tare da shi ba gudu ba ja da baya.

Mataki na bakwai: kwana huɗu a Alƙahira

Wuri babba ɗaya da safe, hutu bayan azahar, ƙaramin yawo da yamma. Wannan ne ma'aunin da na koya a makare.

Giza ku je da zarar an buɗe ƙofa. Babbar dalar ta sarki Hufu ce, an gina ta shekara sama da 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali mita 146, kuma ta yi dubban shekaru ba ginin ɗan Adam da ya kai ta. Hoto ba ya nuna girmanta. Sai da uwargida ta tsaya kusa da dutsen farko na ƙasa, ya kai mata kusan kafaɗa, sannan ta ɗaga kai ta yi shiru, can ta ce, "Baban yara, waɗannan mutanen ina suke yanzu?" Wannan tambayar kaɗai ta biya mini kuɗin jirgi. Shiga cikin dalar tikiti ne daban, kuma hanyar ƙunci ce, a sunkuye ake hawa, ga zafi ga ƙarancin iska. Mai ciwon gwiwa, mai asma da mai juna biyu su haƙura, ba abin da ke ciki sai ɗaki da akwatin dutse fanko. A ƙasa kuma ga gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Misirawa ke kira Abul Haul.

Masu raƙuma da dawaki za su yi muku caa. Idan kuna so, ku gama ciniki kafin a hau: nawa ne, na mutum biyu ne ko ɗaya, fam ne ko dala, har ina za a kai ku, kuma da saukewa a ciki. Kada ku biya sai kun sauka. Wanda ya ɗora maka rawani ko ya danƙa maka abu ya ce kyauta ne, mayar masa da murmushi ka wuce.

Rana ta biyu ta tsohon birni ce, kuma ita ta fi shiga raina. Ku fara da Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka aza harsashinsa a 970 aka fara salla a cikinsa a 972. Ku zauna a farfajiyar farin marmara ku kalli ɗalibai daga kowace kusurwar duniya. Da wuya ku tashi ba ku ji Hausa ba, domin yaranmu suna da yawa a can. Mu wani ɗalibi ne ya ji muna magana ya matso ya gaishe mu, ya raka mu yini guda, da ƙyar ya karɓi abin da na ba shi. Idan kuna da ɗan uwa ko ɗan unguwa mai karatu a can, ku neme shi tun daga gida, ya fi kowane ɗan jagora, amma ku tuna ɗalibi ne, ku kyautata masa. Daga Azhar a tsallaka titi sai masallacin Husaini da kasuwar Hanul Halili, wadda ta samo asali tun ƙarni na 14, sai titin Mu'izzi mai jere da masallatai da makarantun zamanin sarakunan Mamluk.

Rana ta uku ku hau ganuwar Salahuddini, wadda aka fara ginawa a 1176, inda masallacin Muhammadu Ali yake, ku hango birnin gaba ɗaya. A ƙasanta akwai masallacin Sarki Hasan na ƙarni na 14, mai zauruka huɗu na mazhabobi huɗu. Idan ƙafa ta yarda ku ƙarasa masallacin Ibnu Ɗulun, wanda aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje. Ba cunkoso a can, za ku samu inuwa da natsuwa. Mai son ziyara ya je kabarin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820.

Gidajen tarihi uku ne manya, kada ku ce sai kun gama su. Tsohon na Tahrir tun 1902 yake. Gawarwakin sarakuna 22 an mayar da su gidan tarihin Fusɗaɗ a 2021, har da ta Ramsis na biyu, wanda mutane da yawa ke dangantawa da Fir'aunan Annabi Musa, kodayake masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba. Kusa da nan ne masallacin Amru ɗan Asi yake, na farko a ƙasar Masar. Sabon babban gidan da ke kusa da dala kuma an buɗe shi a hukumance a Nuwamban 2025, can aka tara kayan kabarin sarki Tutankamun. Ku zaɓi ɗaya ko biyu. Idan za ku hau jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, akwai taragon mata zalla a tsakiya. Uwargida za ta fi sakewa a can lokacin cunkoso, amma ku yi alkawarin tashar sauka, kuma kowa ya riƙe katin otal mai adireshi.

Abinci ba zai ba ku wuya ba. Da safe wake ne da suke kira ful, da ɗa'amiyya mai kama da ƙosai, da gurasa. Koshari haɗin shinkafa ne da taliya da adas, wani ƙanƙanin wake, da soyayyar albasa, mai arha mai ƙosarwa. Muluhiyya miyar lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, har ruwan tsamiya da na goruba da na rake za ku samu. Ku ɗanɗana tantabara da aka cusa wa shinkafa. Sai dai ruwan gora kawai za ku sha, kuma ku yi hattara da ɗanyen ganye da ƙanƙara.

Mataki na takwas: kudu, Luksor da Aswan

Jirgin sama awa 1 ne zuwa Luksor. Jirgin ƙasa mai ɗakin kwana yana cin dare guda, ɗaki na mutum biyu da gado sama da ƙasa, kuma wayewar gari kana kallon gonakin rake da dabino ta taga abu ne mai daɗi. Ku sayi tikiti da wuri, ku tabbatar daga wace tasha zai tashi.

A Luksor gabas da kogi akwai haikalin Karnak, mai zauren ginshiƙai 134, da haikalin Luksor wanda masallacin Abul Hajjaji ke zaune a cikinsa, ana salla har yau. Yamma da kogi ne Kwarin Sarakuna yake, inda aka gano kabarin Tutankamun a 1922. Tikiti ɗaya kabari uku yake shigar da kai, wasu kaburburan kuma nasu daban ne. Launin zanen bangon kamar jiya aka shafa. Kusa da nan akwai haikalin Hatshepsut, macen da ta mulki Masar, kuma nan uwargida ta fi daɗewa.

A Luksor ne kuma cikina ya ɓaci, na kwana ina zarya. Abin da ya cece mu shi ne gishirin haɗi na zawo da ta sako a jaka, da kuma kwana ɗaya da muka bari ba tsari. Kantin magani yana ko'ina, amma idan an ga jini ko zazzaɓi mai zafi a nemi likita nan take. Ku kuma gaya masa daga ƙasar sauro kuka zo, domin zazzaɓin cizon sauro da aka taho da shi daga gida yana iya tashi a can, kuma ba shi ne zai fara zuwa zuciyar likitan ba.

Aswan kimanin awa 3 ce daga Luksor a jirgin ƙasa, kuma can ne wurin hutawa. Mutanen Nuba baƙaƙe ne kamarmu, masu fara'a, har sukan ɗauka ɗan gari ne kai. Ku je haikalin Fila, wanda aka kwashe dutse-dutse aka mayar wani tsibiri saboda ruwan madatsar da aka kammala a 1970. Da la'asar ku ɗauki kwalekwale mai filafilai, faluka, na awa ɗaya ko biyu. Ba inji, ba hayaniya, sai ƙarar ruwa da kiran salla daga gaɓa biyu. Haikalin Abu Simbal yana da nisan kilomita kusan 280 daga Aswan, ana tashi tun kafin asuba. Mu mun bar shi, kuma ban yi nadama ba.

Mataki na tara: idan rai ya ɓaci

Zai ɓaci, ku sa wannan a lissafi. Gajiya da yunwa da baƙunta suna fito da abin da gida ke ɓoyewa. Namu ya faru a rana ta uku. Na tashe ta tun asuba kwana uku a jere, ina ta lissafin kuɗin da aka kashe da wuraren da suka rage. A kan matakalar ganuwa ta zauna ta ce, "Malam, ni fa ba aikin gayya na zo ba. Ka ce hutu za ka kawo ni." Na buɗe baki zan kawo hujja, sai na ga ƙafarta ta kumbura har igiyar takalmin ta yi mata shaida. Muka koma masauki, na sa aka kawo ruwan ɗumi, washegari ba mu fita ba sai la'asar.

Idan kun ji murya ta fara tashi, ku nemi wurin zama ku ci wani abu tukuna. Kada a yi faɗa a titi gaban baƙi. Wanda ya yi kuskuren hanya ko aka cuce shi a ciniki, kada ɗayan ya riƙa tuna masa. Za ku iya haɗuwa da mai jifan ku da kalma saboda launin fata, ko mai kallon da bai dace ba. Ba su ne mafi yawa ba, amma akwai su. Ka tsaya kusa da matarka a cunkoso, idan abu ya wuce gona da iri akwai 'yan sandan yawon buɗe ido a kowane babban wuri. Kuma ka ajiye waya. Kasuwa da ofis ba za su rushe a kwana goma ba.

Mataki na goma: tsaraba da komowa

Ku bar sayayya sai kwana biyun ƙarshe, bayan kun san farashi. A Hanul Halili kuɗin farko na baƙo ne, ka taya ƙasa da rabi, idan bai sallama ba ka yi gaba, sau da yawa zai kira ka. Bahaushe ba a koya masa ciniki, sai dai ka kula kada shayin da aka ba ka ya sa ka jin kunyar tashi. Abaya da jallabiya da mayafi da zanen gado na auduga sun fi arha a kasuwannin 'yan gari irin su Ataba da Muski, kuma a nan ɗalibin nan zai yi amfani. Littattafan addini suna bayan Azhar. Takardar zane ta fafiros, wadda asalinta da wata ciyawar bakin kogi ake yi, irin wadda ake tallatawa a titi yawanci ta bawon ayaba ce. Kada ku sayi wani abu da aka ce tsohon kayan tarihi ne: in ƙarya ne an cuce ku, in gaskiya ne fitar da shi laifi ne babba.

Ku rubuta sunayen masu tsaraba tun daga gida, iyaye da surukai a sama, wadda ta riƙe yara a saman kowa. Ku auna akwati a otal, domin kuɗin ƙarin nauyi a filin jirgi yana iya fin kuɗin kayan. Turare da man zaitun a naɗe su cikin tufafi a sa a babban akwati, ba jakar hannu ba. Ragowar fam ku kashe shi ko ku canza kafin ku shige ciki, ku isa filin jirgi awa 3 kafin tashi saboda bincike hawa-hawa ne, kuma ku sanar da mai ɗauko ku lokacin sauka da agogon gida.